Gishirin da Ya Ci Kati

Ƙarfe huɗu saura kwata wayata ta yi kuka.
Sabela ce, daga ofishin gwanjon kifi na Burela:
"Xurxo, jakar fayilolin nauyi ta ƙi buɗuwa,
ga jirage uku sun doso gaɓa."

Na zura riga a bai-bai, na gangara tasha,
yayyafi na yanka hasken fitilu.
Ƙarni ya riga ni shiga ofis,
ya zauna kan kujera kamar mai jiran albashi.

Na'urori biyu ne a gidan.
Babbar na ɗakin baya, uwar ɗaki ce,
duk lissafin kifin shekara tara na cikinta.
Ƙaramar na kan teburin Sabela,
ba ta da komai sai abin da aka miƙo mata.
Yau ta miƙa hannu, ba a sa mata komai ba.

Babbar na fara zargi, don ita ce tsohuwa.
Na duba izini: sunan Sabela na nan daram.
Na sake kalmar sirri, na buga da yatsa ɗaya
kamar mai ƙirga kuɗin wani.
Na kashe, na kunna, na tsaya ina jin fanka.
Shiru kake ji.

Sai na aika sallama daga ƙarama zuwa babba.
Huɗu na tura, uku suka dawo.
Na ƙara huɗu, ɗaya ta dawo, tana ɗingishi.
Ƙaramin fayil ya haye lafiya,
babba ya kai rabin gada ya faɗa ruwa.
Wannan ba ƙiyayya ba ce, na ce a raina,
wani ne a cikinsu kunnensa ke mutuwa.

Na canja waya. Na canja ramin da take shiga.
Na rarrafa ƙarƙashin tebur,
gwiwata ta sami ɓawon kifi da ya bushe tun bara.
Fitilar bayan ƙaramar na ƙiftawa, ta ɗauke,
ta ƙifta, ta ɗauke.

A waje Anxo mai ƙanƙara na jan akwatuna,
yana tambayar ko alli da allo za a koma
irin na zamanin kakansa.
Sabela ba ta amsa ba.
Ta ajiye min gahawa a kan takardun haraji.

Kusoshi huɗu, na buɗe cikin ƙaramar.
Ga katin sadarwa, bai kai tafin hannuna ba,
haƙoransa na zinariya sun yi kore shar,
tsatsa ta yi fure a gefen guntun ƙarfe.
Taga ce. Shekara shida tana buɗe saboda ƙarni,
teku na shigowa kaɗan-kaɗan, ba sallama.

Ƙarƙashin matakala akwai gawar wata na'ura
da aka ce in zubar tun bazara, na manta.
Na zare katinta, na hura, na goge da gefen riga.
Ya shiga da ƙara ɗaya, ƙwas.
Uwar ɗaki ta ƙi gane baƙon da farko,
sai da na rubuta mata sabon adireshinsa.

Sallama huɗu. Huɗu suka dawo.
Na sake, don ban yarda ba. Huɗu.

Biyar da minti hamsin jakar ta buɗe,
sunayen jirage suka jeru, kowa da nauyinsa.
Ƙararrawar gwanjo ta kaɗa, murya ta tashi a zaure,
farashi na saukowa kamar mai saukowa tsani.

Awa guda na yi ina tuhumar marar laifi.
Kafin in fita na leƙa ɗakin baya,
na dafa bayan babbar, da ɗumi,
ban ce komai ba.

Sabela ta tura taga za ta rufe,
ƙarni ya dube ta, ta dube ni,
ta bar ta a rabi.
Na sa mataccen katin a aljihu.
Har yanzu in na lasa yatsa, gishiri nake ji.